DAREN BIRNI DA SAMARINMU: DARASI A KAN GIYA, KIƊA DA GIDAJEN RAWA

 

'Yan'uwa masu karatu: da zarar an kai amfanin gona gida, an cika rumbu da gero da dawa, an sayar da ɗan wake da gyaɗa, sai ka ga samarin Boko da Kusada da Kankiya sun fara haɗa jaka. Wani ya nufi Katsina, wani Kano, wani Abuja ko Legas. Cin rani ke nan, kuma neman halal ibada ne. Da rana ba mu da fargaba a kansu, domin mai tuƙa Keke yana kan titi, lebura yana wurin gini, mai shayi yana gaban tukunyarsa. Fargabar tana farawa ne bayan sallar isha'i, lokacin da yaron da ya saba kwana cikin danginsa ya sami kansa shi kaɗai a garin da ba a san ubansa ba, da kuɗi a aljihu, ga kiɗa yana tashi daga bayan wata katanga.

A kan wannan dare nake so mu yi karatu yau. Kuma zan rarrabe abubuwa uku da mutane ke cuɗawa wuri guda: hukuncin giya daban, hukuncin kiɗa daban, hukuncin wurin da ya tara su daban. Wanda ya cuɗa su, ko dai ya halatta abin da babu saɓani a kan haramcinsa, ko ya kafirta mutane a kan abin da malamai suka yi saɓani.

NA FARKO: ME YA SA DARE?

Allah (SWT) Ya bayyana a Suratun Naba'i, aya ta 10 da ta 11, cewa Ya sanya dare ya zama sutura, rana kuma lokacin neman abinci. Haka ma a Suratul Furƙan aya ta 47. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da kuma hira bayanta. Malamai suka ce dalili shi ne hirar dare tana cinye sallar asuba, kuma mafi yawanta ba ta da amfani. Amma shi Bukharin ya ƙulla babi a kan hirar dare don neman ilimi, da wani babin a kan hira da iyali da baƙo. Ka ga ashe ba a rufe ƙofar zaman dare ba, an dai tambaye ka da me ka cika shi.

To, su gidajen rawa a kan wannan lokaci suka kafa kasuwarsu. Ba su cika sai an yi nisa da isha'i, ba su watsewa sai gab da kiran assalatu. Ko da babu kwalba ko ɗaya a wurin, wanda ya fito ƙarfe uku na dare ai kai ma ka san inda asubarsa ta tafi.

NA BIYU: GIYA, BABU SAƁANI

An haramta giya ne mataki-mataki. A Suratul Baƙara aya ta 219 aka nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar salla cikin maye. Sai Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 ta yanke hukunci, ta haɗa giya da caca, ta kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ta kuma faɗi abin da suke haifarwa: gaba, ƙiyayya, da kange mutum daga ambaton Allah da salla. Anas bin Malik (RA) ya ba da labarin cewa shi ne ke zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha ranar da mai shela ya yi shela, nan take aka tuntsurar da ita har ta kwarara a lungunan Madina.

Ƙa'idar da Muslim ya ruwaito ita ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma haramun ne. Saboda haka sunan kwalba ba ya canza hukunci. Burkutu, giyar kwalba, 'yar leda, wiwi, kodin, tiramol, sholisho, duk gida ɗaya suke. Wannan yana da muhimmanci, domin da yawa daga yaranmu za su rantse maka ba su taɓa shan giya ba, kuma da gaskiyarsu, amma kwalbar lemon da ke hannunsu an gauraya ta da maganin tari. A shekarar 2018 ne BBC ta fitar da bincikenta a kan kodin, kuma a farkon watan Mayu na shekarar Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Wannan adadi bai haɗa da giya da taba ba.

Sannan akwai hadisin Tirmizi da Ibnu Maja daga Anas, inda aka la'anci mutum goma a kan giya. A cikinsu akwai mai matsa ta, mai shan ta, mai ɗaukar ta, wanda aka kai wa, mai zubawa, mai sayarwa, mai saye da mai cin kuɗinta. Ɗan'uwana direba, ka ji fa. Idan ka san kiret ɗin da aka loda maka na giya ne, kada ka ce ai ni kuɗin dako na karɓa. Kai kuma Alhaji mai gidan haya, in ka san abin da za a buɗe a shagon nan naka, kuɗin hayar ba zai yi maka albarka ba.

Ana yawan tambayata game da masu tsire da masu shayi da ke kafa teburinsu a bakin mashaya a garuruwan kudu, kuma 'yan'uwanmu ne da yawansu. Naman halal ne, cinikin nama halal ne. Amma wurin tsayuwar fa? Kullum idonka yana kan munkari, kunnenka yana cikinsa, kasuwarka ba ta ci sai in mashayar ta cika, har zuciya ta fara fatan ta cika ɗin. Shawarata ita ce ka nemi bakin tasha ko bakin kasuwa, ko da cinikin zai ragu da farko.

NA UKU: KIƊA, A NAN AKWAI MAGANA

A nan ne nake roƙon ɗalibai su yi adalci. Mafi rinjayen malamai, ciki har da mashahuran maganganun mazhabobi huɗu, sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa, ban da duffi a wurin aure da idi. Hujjarsu ita ce aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda Abdullahi bin Mas'ud (RA) ya fassara da waƙa, da hadisin Abu Malik ko Abu Amir Al-Ash'ari a cikin Bukhari, mai ba da labarin wasu mutane da za su zo su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa magana a cikin Igasatul Lahfan, Albani kuma ya yi littafi sukutum a kan mas'alar. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, an hana ganganta sauraron kayan wasa da waƙa.

A ɗaya ɓangaren, Ibnu Hazm a cikin Al-Muhalla ya ce hadisin Bukharin yankakke ne, ya halatta kiɗa. Ibnus Salah da Ibnu Hajar sun mayar masa da martani, sun nuna hadisin sadajje ne. Imamul Gazali ya yi babi guda a kan sauraro a cikin Ihya'u, ya sauƙaƙa da sharuɗɗa. A zamaninmu Ƙardawi ya bi wannan hanya a cikin Al-Halal wal Haram. Suna kafa hujja da 'yan mata biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha (RA) ranar idi, Abubakar ya tsawata, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Da kuma ranar da aka kai wata amarya gidan wani mutumin Madina, ya tambaya ko an yi musu wasa, domin mutanen Madina suna son wasa.

Ni ina tare da jumhur, domin hadisin ya inganta. Amma ba na kiran wanda ya bi ɗaya maganar kafiri, kuma ba ya halatta a yi hakan. Ga inda nake so a lura: ko waɗanda suka sauƙaƙa sun gindaya sharuɗɗa. Kada kalmomin su zama na batsa, kada a haɗa da giya, kada a cakuɗa maza da mata cikin rawa da tsiraici, kada ya shagaltar daga farilla. To, don Allah, wane gidan gala ne ya cika ko sharaɗi ɗaya a cikin huɗun nan? Wanda ya ɗauko sunan Ibnu Hazm ya shiga kulob da shi ya yi wa malamin ƙazafi.

NA HUƊU: WURIN DA KANSA

Wani saurayi zai ce: "Malam, ni wallahi ba na sha, kallo kawai nake zuwa, in sha lemona in fito." Amsarka tana cikin hadisin Jabir (RA) da Tirmizi ya ruwaito, inda aka hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. A Risala ma an ce amsa gayyatar walima yana faɗuwa idan akwai bayyanannen munkari a wurin. Walimar aure ke nan fa, wadda aka yi umarni da halartarta, balle wurin da kai ka biya kuɗin shiga. Kuma ku tambayi duk wanda ya faɗa shaye-shaye, da wuya ka ji wanda ya fara shi kaɗai. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai. A ƙaddara mai Keke yana kashe naira 3,000 a dare, tsakanin kuɗin ƙofa da liƙi da shisha, sau uku a mako. Naira 9,000 ke nan. A mako 16 na rani ya zama naira 144,000. Wannan kuɗin shi ne na taki da iri, shi ne na gyaran ɗakin da ya tsage, shi ne abin da Inna ke jira. Sai damina ta faɗi yaro ya dawo da sabuwar waya da askin banza, a je a ciwo bashin taki.

NA BIYAR: ABIN DA TARIHI YA KOYA MANA

Yankin nan namu ba baƙon kiɗa ba ne. Alhaji Mamman Shata haifaffen Musawa ne, har kansila ya taɓa yi a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya rasu a 1999. Barmani Coge 'yar Funtuwa ce, ta rasu a 2013. Allah Ya gafarta musu. Shata ya yi waƙar noma da ta sarakuna da ta zuwa Hajji, kuma ya yi A Sha Ruwa, wadda ta fito da rayuwar bariki ta zamaninsa. A wancan zamani dai Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta Waƙar Giya yana gargaɗi. Ashe wannan ja-in-ja ya girme mu duka. Abin da ya sauya shi ne wuri. A da, kalangu a dandali ake kaɗa shi, a fili, kawunka na iya wucewa ya gan ka, kunya ta kama ka. Yanzu a bayan katanga ne, da mai gadi a ƙofa, a garin da babu mai ce maka ɗan wane.

Hukuma kuma ta yi nata. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, Katsina da Kano suka bi a 2000. Kano ta kafa hukumar Hisba da doka a 2003, kuma a Nuwamban 2013 ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. Ta sake yin irin haka a shekarun baya, da adadin da ya fi wannan. A Katsina gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa tata hukumar Hisba, wadda ta sanar da haramta gidajen rawa na dare a faɗin jihar a watan Janairun 2025. Wannan aiki ne mai kyau, kuma haƙƙin shugaba ne ya kawar da munkarin da ya bayyana. Allah Ya saka musu.

Amma mu tambayi kanmu: idan ana fasa kwalba shekara da shekaru, kuma kowace shekara ana samun wadda za a fasa, me wannan ke nunawa? Akwai masu saye ke nan. Amurka ta hana giya da kundin tsarin mulkinta daga 1920 zuwa 1933. Mashayu suka koma ɓoye, 'yan daba irin su Al Capone suka yi arziki a Shikago, daga ƙarshe aka janye dokar. Madina kuwa shela ɗaya ta isa. Nana A'isha (RA) ta bayyana sirrin a cikin Bukhari: ayoyin aljanna da wuta ne suka fara sauka har zukata suka koma ga Musulunci, sannan halal da haram suka biyo. Ta ce da hana giya aka fara da shi, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Hisba tana iya rufe ƙofa a Katsina. Amma yaronka da ke Legas ko Fatakwal fa, wa zai rufe masa? Babu abin da zai bi shi can sai abin da ka zuba masa a zuciya tun yana gabanka.

NA SHIDA: TO, MENE NE AIKINMU?

Mu koyi darasi daga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta tarar da matan karkara sun shaƙu da bori da kiɗansa. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, ta rubuta musu waƙoƙin tauhidi da fiƙihu da sira da Hausa da Fulfulde, suna bin ƙauyuka suna rerawa. Ta gane cewa in ka karɓe wa mutum abin da yake taruwa a kai, dole ka ba shi wani. Abin da ke kai yaro gidan gala sau da yawa kaɗaici ne da gajiya da son ya ga mutane suna dariya. Wannan buƙata ce ta ɗan'adam, mu ne za mu nema mata hanyar halal.

1. Iyaye: kafin yaro ya tafi, ka san wurin wa zai sauka, wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi, wane masallaci ne kusa da shi. Ka kira shi da dare ku yi hira, kada ya zama ba ka kira sai ranar da kake son ya turo kuɗi. Yaron da ya ga ubansa bai damu da komai ba sai aike, zai turo aiken ya yi abin da ya ga dama da sauran.

2. Manyan 'yan gari da ke birni: ku ne iyayensu a can. Ku sa dare ɗaya a mako ku tara yaran garinku, a ci tuwo tare, a yi adashi, a karanta ko da shafi ɗaya na Ahalari.

3. Mu limamai: masallacin da ake garƙamewa minti goma bayan isha'i ya bar wa wasu daren. A buɗe makarantar dare. A yi karatun sira da daɗin zance, a yi musabaƙa, a rera Ishiriniya da Imfiraji na Aliyu Namangi ga masu so. A bar samari su yi tambayar da suke jin kunyar yi da rana.

4. Masu biki: gidan rawar da muke zagi a birni, yanzu mu muke ɗauko shi da kuɗinmu. A kawo mai kiɗan sifika ƙofar gida, 'yan mata da samari su cakuɗe har tsakar dare, ga maƙwabci mara lafiya, ga tsoho mai son tashi ƙiyamul laili. Shari'a ta ba mata duffinsu da waƙarsu a cikin gida. Ku tsaya a nan, kuma ku rage tsadar lefe don samarin su samu su yi aure.

5. Matasa masu kishi: ba a ba kowa izinin ɗaukar doka a hannunsa ba. Dukan mutane, ƙona shago, haura katanga don leƙen asiri, duk ba hisba ba ne. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane. Abin da ya bayyana a kai wa hukuma. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba kuma suna da haƙƙin aminci a kanmu.

GA WANDA YA RIGA YA FAƊA

Na san akwai mai karanta wannan rubutu da warin wurin a rigarsa. Saurara, ɗan'uwana. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai barkwanci, wanda yakan sa Manzon Allah (SAW) dariya. An sha kawo shi a yi masa bulala a kan giya. Wata rana wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi. Sai Manzon Allah (SAW) ya hana tsinuwar, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An tsayar masa da hukunci, kuma ba a kore shi daga jama'a ba. Don haka kada ka bar salla don kana sha. Wanda ya bar salla ya yanke igiyar da za a jawo shi da ita. Ka canza abokai, ka canza hanyar da kake bi in an tashi aiki, ka ba wani amintacce ajiyar kuɗinka da yamma. In jikinka ya riga ya saba da ƙwaya har ba ka iya barci sai da ita, wannan ya zama ciwo, ka je asibiti a taimake ka, babu abin kunya a neman magani.

Ku kuma 'yan gida, in ya dawo kada ku tare shi da "ɗan iska ya dawo." Ku ba shi wuri a sahu da wuri a kwano.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare matafiyanmu a inda idonmu ba ya kaiwa, Ya sa darenmu ya zama hujja gare mu ranar gobe ƙiyama. A darasi mai zuwa, in Allah Ya so, za mu yi magana a kan cacar ƙwallo ta waya, ƙanwar giya a aya ɗaya.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.